Hanyar da Yatsun Baba Suka Sani

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da hannun daman Baba, Yaya ce ta zama hannunsa. Ba wanda ya naɗa ta, ita ta naɗa kanta, kuma duk wanda ya san Yaya ya san ba a ja da ita a kan irin wannan. Ita ce babbar 'yarsa, tana aiki a wani kantin magani. Irin matan nan ce da in suka shigo ɗakinka sai sun gyara maka zaman labule kafin su amsa gaisuwa. Kullum in ta tashi aiki da yamma, kafin ta wuce gidan mijinta, sai ta biyo ta gidan Baba, ta jawo farar kujerar roba kusa da tasa, ta kunna tsohuwar kwamfutar da aka dawo da ita gida ranar da aka rufe shagonsa na ɗaukar hoto.

Duk aikin rayuwar Baba yana cikin kwamfutar nan. Kafin ciwo ya same shi ya ɗauki shekaru yana kwafe tsofaffin hotunansa yana zubawa a ciki, folda cikin folda. Sai dai tsari ne da babu mai gane kansa sai shi. Baba ba ya ajiye hoto da shekara, ba ya ajiyewa da sunan mai shi. Yadda ya tuna abu, haka yake sa masa suna. Akwai foldar "Masu rufe ido", akwai "Yaran da suka ƙi tsayawa", akwai "Ranar da aka yi ruwa", akwai kuma "Waɗanda ba su dawo karɓa ba", wadda ta fi kowacce cika. Hotunan marigayiya matarsa, mahaifiyar su Yaya, suna cikin wata folda mai suna "Gida", ita kuma tana cikin "Hasken safe", don ya ce bai taɓa ɗaukarta da rana tsaka ba.

Idonsa yana ganin hoto in an buɗe shi ya cika allo, amma ƙananan rubutun sunayen folda sun fi ƙarfinsa. Hannun hagun kuma rawa yake yi, in ya kama maus, wato linzamin kwamfuta, sai kibiyar ta yi ta yawo a allo kamar ƙudan da ya rasa ƙofa. Don haka shi ne mai faɗa, Yaya ce mai buɗewa. Yana faɗa tana mita. Ta ce wannan ba ajiya ba ce, zubarwa ce, da haka take jera magani a kanti da tuni an sallame ta. Shi kuwa sai ya yi dariyar nan tasa ta gefen baki ɗaya ya ce, "Uwata, buɗe dai." Haka yake kiranta tun tana ƙarama. Wata rana tana buɗewa tana duba waya, wata rana tana hamma tana ce masa ya yi sauri yara na jiranta. Amma a duk yinin babu lokacin da take so kamar wannan, ko da yake da za a tsare ta da wuƙa ba za ta faɗa ba.

Ana nan sai wurin aikin Auta, ƙaninta, suka dawo da shi garin, ya tare da matarsa a sashen baya na gidan Baba. Matar Auta sakatariya ce a wani ofis, siririya, mai sanyin murya, ga yawan "to, Yaya" da "sannu, Yaya". Yaya ta duba sama ta duba ƙasa ba ta sami abin da za ta kama ta da shi ba, kuma wannan ne ya fi ba ta haushi.

Wata yamma Yaya ta shigo ta tarar da kwamfutar a kunne. Hoton wani ango da ya rufe ido ya cika allo, Baba shi kaɗai a gabanta yana ƙyaƙyata dariya. Maus yana can gefe an nannaɗe masa wayarsa. Ta tambaya wa ya buɗe masa. Ya ce ta tsaya ta sha kallo.

Ya rufe komai. Sannan ya sa babban yatsan hagu ya danne maɓallin nan mai zanen taga, ya taɓa E da wani yatsan, sai ga tagar foldoji ta buɗe. Ya taɓa H, aka tsaya a kan Hotuna, ya buga Enta ya shiga. Ya taɓa M, ya buga Enta, ga shi cikin masu rufe ido. In zai fito sai ya taɓa maɓallin gogewa, ya koma inda ya baro. Kibiyar ƙasa da ta sama su ne tafiyarsa a cikin folda. In taga biyu ke buɗe, Alt da Tab ne ke tsallakar da shi daga wannan zuwa waccan. Duk maɓallin da yake bukata an ɗiga masa ɗan gam a kai ya bushe, don yatsa ya ji tudu ya gane shi ba sai ido ya gani ba. Maɓalli ba ya gudu don hannu na rawa, inda aka bar shi nan za a same shi.

"'Yata ce ta koya mini," in ji Baba, yana nuna sashen baya da haɓa.

Yaya ta ce madalla. Ta sunkuya ta duba ɗigon gam ɗin, ta ce Allah ya sa dai kada ya lalata kibod. Kalmar "'yata" kuwa ta yi ta cin ranta har ta kai gida.

Daga ranar abin ya canja. In ta zo sai ta tarar ya riga ya yi nisa, yatsunsa na ƙwas-ƙwas a kan kibod, ba ya kallon sunayen ma, hanyar ta zauna masa a hannu. Babu sauran "Uwata, buɗe". Rannan ta tarar da gyalen matar Auta a rataye a bayan farar kujerar, ta ɗauke shi da yatsa biyu ta ajiye a kan gado. Sai ta koma gaisuwa daga bakin ƙofa, jaka a kafaɗa, ta ce sauri take yi. Baba ya ce ta shigo mana, ta ce ai ta ga ba a bukatarta, ta faɗa da dariya yadda ba za a ce ta faɗa ba.

Ta kai ƙara wurin mijinta. Shi kuma bawan Allah, maimakon ya taya ta, sai ya ce ai hutu ta samu, ba ita ce kullum ke cewa tsohon nan yana cinye mata yamma ba? Kallon da ta yi masa ya sa ya tuna yana da abin yi a waje. A kanti ma ta gwada abin a ɓoye, don ta tabbatar wa kanta ba wani ilimi ba ne. Ta danne Kontrol da W tana zaton za ta tsallaka taga, sai ta rufe shafin da take duba wa wata mata magani, matar na tsaye tana kallonta. Ta ce kwamfutar ce ke da matsala.

Ranar da Auta da matarsa suka kai Baba asibiti motsa hannu, Yaya tana hutun aiki, kuma tana da makullin gidan. Ta zo canja masa zanen gado. Ta canja ɗin kuwa. Sannan ta zauna gaban kwamfuta, ta warware wayar maus, ta ce bari ta yi abin da ta daɗe tana cewa za ta yi.

Ta buɗe manyan foldoji huɗu, ta sa musu lamba kamar kantocin magani: bukukuwa, iyali, makarantu, da sauransu. Ta riƙa jan foldojin Baba tana jefawa a ciki. Ta fito da "Gida" daga "Hasken safe" ta kai ta iyali, don a can ya kamata ta zauna. "Masu rufe ido" da "Yaran da suka ƙi tsayawa" ta canja musu suna zuwa marasa kyau na ɗaya da marasa kyau na biyu. Aikin ya yi kyau, gaskiya, duk wanda ya gani zai yaba. Da za ka tambaye ta sai ta rantse maka gyara ta yi. Amma ta nannaɗe wayar maus ɗin daidai yadda ta same ta, ta share wurin da gwiwar hannunta ta taɓa, kuma mai gyara ba ya ɓoye sawunsa. Lissafinta ɗaya ne: gobe zai nemi hanya ya rasa, ya ce a kira masa Uwata.

Washegari ta zo da wuri, har da turarenta. Ta tarar an lulluɓe kwamfutar da tawul, Baba na kwance ya juya wa ƙofa baya. Ya ce gajiya ce. Kwana ya bi kwana haka. Bai kira ta ba, bai kira matar Auta ba, tawul ɗin yana nan. Abincin da ake kawo masa ana fita da rabinsa. Yaya ta ce wa kanta ai taurin kai ne irin nasa, zai sauko.

Wata yamma ya ce ta shigo ta tura ƙofa. Ta zauna a farar kujerar. Baba ya dubi hannunsa na hagu ya ce:

"Uwata, kan nan ya fara tafiya."

Ta ce wane irin tafiya kuma.

"Hanyar da nake bi kullum zuwa wurin mahaifiyarki. Na bi ta, na faɗa cikin 'yan makaranta. Na fito na sake bi, na faɗa inda ban sani ba. Yatsun suna yin abin da na sa su, ashe ni ne na manta abin da zan sa su. Kin tuna abin da likita ya ce."

Ta tuna sarai, tana wurin. Likita ya ce in suka ga ya fara rikicewa ko manta abin da ya saba, alama ce ciwon na neman dawowa, su kawo shi da gaggawa.

Ya roƙe ta kada ta faɗa wa Auta, don zai mayar da shi gadon asibiti, shi kuwa ya ƙoshi da wannan gadon. Matar Auta ma kada ta ji, yarinyar ta sha wahala a kansa, ba ya so ta ga wahalarta ta tashi a banza. Yaya kaɗai ya faɗa wa, don ita ce babba. "Ke dai ki ci gaba da buɗe mini kamar da," ya ce. "Kafin in manta fuskokin su ma."

To, abin nema ya samu. Ga kujera, ga maus, ga asirin da ba a ba kowa ba sai ita. Ta yaye tawul ta kunna. Ya ce ta kai shi "Hasken safe", ta bi ta sabuwar hanyarta ta kai shi wurin mahaifiyarta, bai ga bambanci ba, don ba ya ganin rubutun. Nan take ta gane in ta yi shiru babu ranar da zai sani. Za ta iya riƙe wannan kujerar har ƙarshen ransa.

Sai dai ba Baban da take buɗe wa da ba ne. Da, kowane hoto da labarinsa: wannan angon ya ari takalmi, waccan matar ta ce a rage mata hanci. Yanzu jarrabawa yake yi wa kansa. Ya ce kada ta faɗa masa komai, bari ya gani ko zai tuna. Yana kallon hoton matarsa yana lissafa abin da ke ciki a hankali, leɓensa na motsi, kamar mai tsoron a ƙwace masa. Da suka shiga wurin waɗanda ba su dawo karɓa ba, ya tsaya a kan wani dattijo mai tabarau ya ce, "Na san wannan?" Yaya ta ce a'a, baƙo ne, shi da bakinsa ya sha gaya mata bai taɓa sanin sunansa ba. Ya dube ta ya ce ta daina lallashinsa.

Ta ce za ta sha ruwa, ta fita. Ta tsaya a tsakar gida kusa da igiyar shanya, ta ji ta tsani kanta, ta tsani kwamfutar, ta tsani ɗigon gam, kuma har a lokacin ba ta daina jin haushin matar Auta ba. Sannan ta nufi sashen baya, tana jan ƙafa.

Ta sami matar Auta tana guga. Yaya ta fara da cewa akwai ɗan gyaran da ta yi wa Baba a kwamfuta, da alama bai karɓe shi ba, ko za ta zo su mayar a ɓoye in ya yi barci. Matar Auta ta ajiye dutsen guga a tsaye. Ta ce kwana da kwanaki tana tambayar kanta laifin da ta yi wa Baba da ya daina kiranta, har kuka ta yi wa Auta. Wannan karon babu "to, Yaya".

"Ba zan taɓa masa kaya a bayan idonsa ba," ta ce. "An yi sau ɗaya, ya isa. In muka mayar bai sani ba, cewa zai yi kan nasa yana tafiya yana dawowa. Ki faɗa masa, sai mu gyara a gabansa."

Yaya ta so ta ce wa yarinyar nan ta san da wa take magana. Amma ta san gaskiya aka faɗa mata.

Suka shiga tare. Yaya ta tsaya, ba ta zauna ba. Ta soma da tarihin yadda ta daɗe tana cewa tsarin nan bai yi ba, ta bi ta kan kantocin magani, ta ga dai na shiga ban ɗauka ba ba ta fid da ɓarawo. Sai ta faɗa kai tsaye: ita ta kwashe foldojin ta canja musu wuri da suna ranar da aka kai shi asibiti, kuma ta yi ne don ya rasa hanya ya kira ta.

Baba ya dube ta ya ce:

"Wato ba kaina ba ne?"

Ta ce ba kansa ba ne.

Ya sake tambaya, wannan karon matar Auta ya duba. Ta leƙa allo ta karanta masa sababbin sunayen ɗaya bayan ɗaya. Da ta kai kan marasa kyau na biyu, sai ya sa hannun hagu ya rufe fuska, kafaɗarsa na girgiza. Su biyun suka kasa gane kuka yake ko dariya, kuma da alama shi ma bai tantance ba.

Mayarwar ta ci sauran yammar. Matar Auta ta gwada Kontrol da Z, maɓallin janye abin da aka yi, amma an kashe kwamfutar an kunna tun bayan ɓarnar, babu abin da ya janye. Sai ta buɗe taga biyu gefe da gefe. Yaya ke faɗin tsofaffin sunayen, don duk mitar da ta yi musu ashe ta haddace su tsaf. Baba ke faɗin wacce ke cikin wacce. Matar Auta na yankowa daga wannan taga da Kontrol da X, ta tsallaka da Alt da Tab, ta sauke a waccan da Kontrol da V, ta taɓa F2 ta mayar da suna. Ko sau ɗaya ba ta nemi maus ba. Yaya na kallon siraran yatsun nan suna gudu, tana jin kunya, tana kuma jin da ma nata ne.

Da aka gama suka matsa masa kibod. Ya lalubi ɗigon gam ɗin, ya rufe ido gaba ɗaya. Ƙwas, ƙwas, Enta. Ƙwas, Enta. Da ya buɗe ido matarsa na tsaye a bakin taga da hasken safe a gefen fuskarta. Ya fita ya sake shiga don ya tabbatar, sannan ya sauke ajiyar zuciya ya ce a ɗumamo masa abincin da ya bari. Matar Auta ta fita, ta ja musu ƙofa.

Yaya ta tsaya jiran faɗa. Da ya yi mata faɗan ma da ta fi samun sauƙi.

"Ni na roƙe ta ta koya mini," ya ce, idonsa na kan allo. "Duk rayuwata ni ke nuna wa mutane hoto. Ke kuma kina zuwa a gajiye, ina sa ki aiki, kina hamma. Na ce bari in koya, Uwata ta zo ta zauna kawai in nuna mata. Da na koya sai kika daina zama."



Ya miƙa hannu bayan kwamfutar, ya lalubi wayar maus ya zare ta. Ya tura mata shi a kan tebur.

"Wannan ki tafi da shi gidanki. Kujerar ki bar ta inda take."

Washegari ta zo, ta ajiye jaka a ƙasa, ta zauna. Hannayenta suka rasa abin kamawa, ta haɗa su a cinya. Baba ya taɓa Y, ya buga Enta, ya shiga wurin yaran da suka ƙi tsayawa, ya yi ta sauka da kibiyar ƙasa har can inda ba su taɓa kaiwa ba saboda saurinta. Ya buɗe wani hoto. Wata 'yar yarinya ce ta haɗe rai a cikin shagonsa, ta juya wa kyamara rabin baya, hannunta ya fita dishi-dishi don ta miƙa shi tana gyara labulen da ke bayanta.

"Kin san wannan?" in ji Baba.

Ta ce ta san ta.